Shin Ya Dace A Sauke Mutum-mutumin Waɗanda Ake Taƙaddama A Kan Tarihinsu?

Tambayar da aka aiko mini ita ce: idan aka kafa wa wani mutum-mutumi a dandalin jama'a domin a girmama shi, alhali hannunsa ya yi dumu-dumu cikin cinikin bayi ko kisan jama'a ko zaluncin mulkin mallaka, shin ya kamata a sauke shi, ko kuwa saukewar share tarihi ce? Amsata ita ce akwai waɗanda ya wajaba a sauke, akwai waɗanda ya fi dacewa a bar su a ƙara musu bayani, kuma ba kowane mai tabo a tarihi ne za a yanke wa hukunci iri ɗaya ba. Sai dai da yake magana a dunƙule ba ta cika gamsar da mai neman hujja ba, zan ɗauki abin da ya faru a birnin Bristol na Ingila in bi shi daki-daki, domin kusan duk abin da ake jayayya a kai yana cikinsa.

Edward Colston attajiri ne da aka haifa a Bristol a 1636, ya mutu a 1721. A 1680 ya shiga kamfanin Royal African Company, wanda a lokacin shi kaɗai masarautar Ingila ta ba izinin fataucin bayi daga gaɓar Afirka ta Yamma, ya kai har matsayin mataimakin gwamnan kamfanin a 1689, kafin ya bar shi a 1692. Masanan da suka bi takardun jiragen kamfanin sun ƙiyasta cewa a shekarun da yake ciki an yi lodin mutane kimanin 84,000, maza da mata da ƙananan yara, kuma kimanin 19,000 daga cikinsu sun mutu a hanya aka watsa gawarwakinsu cikin teku. Ana ɗora wa waɗanda aka saya ƙarfe mai zafi a ƙirji, mai ɗauke da haruffan sunan kamfanin. Shi dai wannan mutumin ne kuma ya kashe dukiya mai yawa wajen gina makarantu da gidajen gajiyayyu da gyaran majami'u a garinsu, ko da yake yakan gindaya sharaɗin cewa masu bin ɗariƙar cocinsa ne za su amfana.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne lokacin da aka kafa mutum-mutuminsa na tagulla a tsakiyar birnin. An kafa shi ne a 1895, wato shekara 174 bayan mutuwarsa, shekara 88 bayan majalisar dokokin Birtaniya ta haramta fataucin bayi a 1807. Wasu manyan 'yan kasuwar garin ne suka jagoranci aikin, kuma da ƙyar aka haɗa kuɗinsa, duk da haka aka rubuta a jikin dandamalin cewa mutanen Bristol ne suka kafa shi domin tunawa da ɗaya daga cikin mafi nagarta da hikima a cikin 'ya'yan garinsu. Babu kalma ɗaya a rubutun da ta ambaci bayi ko Afirka. Saboda haka wannan tagulla ba shaida ba ce ta zamanin Colston. Shaida ce ta abin da masu kuɗin Bristol na ƙarshen ƙarni na 19 suke so a tuna, da abin da suka ga ya fi musu a yi shiru a kansa. Ya yi shekara 125 a tsaye, miliyoyin mutane sun wuce ta gabansa, bai koya wa ko ɗaya daga cikinsu cewa an jefa mutum 19,000 cikin teku ba.

A nan nake rabuwa da masu cewa saukewa share tarihi ce. Tarihi yana cikin takardun ajiya, da littattafan lissafin jirage, da darussan makaranta, da gidajen adana kayan tarihi, da bakin zuriyar waɗanda abin ya shafa. Mutum-mutumin da aka ɗaga sama da kawunan mutane a tsakiyar gari aikinsa girmamawa ne, kuma girmamawa abu ne da al'umma take bayarwa, tana kuma iya janyewa. Mu da muka san sarauta ba sai an yi mana dogon bayani ba: idan aka tuɓe wa sarki rawani, sunansa yana nan a jerin sarakunan garin, da shekarun da ya yi da abin da ya aikata, abin da ya rasa shi ne tambari da algaita da faɗuwa gaisuwa. Jamus ba ta da mutum-mutumin Hitler ko ɗaya a dandalinta, amma da wuya a sami ƙasar da take koya wa 'ya'yanta abin da ya faru tsakanin 1933 da 1945 kamar yadda take yi, kuma abin da ta zaɓa ta kafa a tituna shi ne sunayen waɗanda aka kashe, a ƙananan allunan tagulla a ƙofar gidajen da aka kwashe su.

Yadda aka sauke Colston kuma shi ne darasi na biyu, kuma a ganina ya fi na farko nauyi. Tun shekarun 1990 mazauna Bristol, musamman waɗanda kakanninsu suka fito daga tsibiran Karibiyan, suke roƙon a yi wani abu game da shi. A 2018 majalisar birnin ta amince a ƙara allo na biyu da zai bayyana rawar da ya taka a cinikin bayi. Sai aka shiga ja-in-ja a kan kalmomin da za a rubuta, daɗaɗɗiyar ƙungiyar attajiran garin mai suna Society of Merchant Venturers ta sa baki, aka yi ta sassauta lafazin har ya rasa kaifinsa, sannan a 2019 magajin garin, Marvin Rees, wanda mahaifinsa ɗan Jamaika ne, ya ƙi amincewa da abin da aka fito da shi. Allon bai hau ba. Ranar 7 ga Yuni, 2020, kwana goma sha uku bayan ɗan sanda ya kashe George Floyd a Minneapolis ta Amurka, masu zanga-zanga suka ɗaura wa mutum-mutumin igiya suka kayar da shi, suka mirgina shi har bakin ruwa suka tura shi ciki, kusa da wata gada da aka sa wa sunan Pero, wani bawa da aka kawo Bristol a ƙarni na 18.

Ba na goyon bayan igiya. Taron da ya fusata ba ya tantancewa, ana iya jin rauni ko a rasa rai, kuma hannun da ya kayar da azzalumi yau babu abin da zai hana wani irinsa ya kayar da mutumin kirki gobe. Kotunan Ingila ma sun nuna wannan tsaka mai wuya, domin a Janairun 2022 masu taya alƙali yanke hukunci sun wanke mutum huɗun da aka gurfanar, amma a Satumbar shekarar kotun ɗaukaka ƙara ta bayyana cewa 'yancin zanga-zanga ba ya zama kariya ga wanda ya yi wa dukiya babbar ɓarna. Duk da haka, wanda zai yi Allah wadai da igiyar, adalci ya wajabta masa ya fara da waɗanda suka toshe kowace ƙofa ta lumana shekara da shekaru, har rubuta layi uku na gaskiya a jikin allo ya gagara. Kwana huɗu bayan an tura ta cikin ruwa aka tsamo tagullar. Wani kwamiti da magajin garin ya kafa ya ji ra'ayin kusan mutum 14,000, mafi rinjaye suka ce a ajiye shi a gidan tarihi, kuma yanzu yana gidan tarihin M Shed a kwance, da fentin da aka watsa masa, da bayanin ko shi wane ne. Yaron da ya je can yau zai fito da sanin da kakansa bai samu ba a shekara hamsin na wucewa ta dandalin.

Hujja mafi ƙarfi da masu adawa suke kawowa ita ce bai kamata a auna mutanen da da mudun yau ba. Akwai gaskiya a ciki, kuma duk mai nazarin tarihi ya san haɗarin ɗora wa matattu ra'ayoyin da ba su taɓa ji ba. Amma sau da yawa idan aka bincika sai a tarar mutanen zamanin da kansu sun yi tir da abin. Sarki Leopold na Biyu na Beljiyam, wanda aka sauke wasu daga cikin mutum-mutuminsa a 2020, ba jikokinmu ne suka gano laifinsa ba: rahoton ƙaramin jakadan Birtaniya a Kwango Roger Casement na 1904 ya fallasa yanke hannaye da kisan da ake yi a Kwango saboda roba, kuma surutun duniya ne ya tilasta wa gwamnatin Beljiyam karɓe ƙasar daga hannunsa a 1908. Cecil Rhodes, ɗan mulkin mallakar Birtaniya a kudancin Afirka, wanda Jami'ar Cape Town ta sauke mutum-mutuminsa ranar 9 ga Afrilu, 2015 bayan wata guda ɗalibai suna bore, sai da ya ajiye muƙamin firaministan Cape a farkon 1896 saboda harin da ya ɗaure wa gindi a kan ƙasar Transvaal mai maƙwabtaka da Cape. Sannan akwai tambayar da ake yawan tsallakewa: idan an ce mutanen zamanin, su wa ake nufi? Waɗanda aka ɗaure a cikin jirgi su ma mutanen zamanin ne, sun yi tawaye a cikin jiragen, wasu sun ƙi cin abinci, wasu sun gwammace su faɗa teku. Ra'ayinsu a kan cinikin ba ɓoyayye ba ne, ba a dai tambaye su ba ne lokacin da ake zuba tagulla.

Hujja ta biyu ita ce idan aka fara, ina za a tsaya? George Washington da Thomas Jefferson, shugabannin Amurka na farko-farko, sun mallaki bayi, Winston Churchill kuma har yau Indiyawa da yawa suna riƙe da shi a kan yunwar Bengal ta 1943. Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma abin da nake amfani da shi wajen amsa ta shi ne duba dalilin girmamawar. Mutum-mutumin Churchill da ke gaban majalisar dokoki a Landan an kafa shi ne saboda jagorantar ƙasarsa a yaƙi da Hitler, ba saboda Bengal ba, don haka ana iya barinsa a kuma koyar da Bengal ba tare da rufa-rufa ba. Na Robert E. Lee a kudancin Amurka daban ne. Babu abin da ake tunawa da shi face jagorantar rundunar jihohin da suka ɓalle tsakanin 1861 da 1865 domin su ci gaba da bautar da baƙar fata, kuma a kan doki cikin kakin wannan yaƙin aka siffanta shi. Yawancin irin waɗannan gumaka an kafa su ne tsakanin shekarun 1890 da 1920, daidai lokacin da ake kafa dokokin wariya ana hana baƙar fata jefa ƙuri'a, da yawa kuma a harabar kotuna aka dasa su, inda kowane baƙar fata mai neman haƙƙinsa zai bi ta ƙarƙashinsu. Lee da kansa ya rubuta bayan yaƙin cewa bai ga hikimar kafa irin waɗannan abubuwa ba. Kuma da aka yi niyyar sauke nasa na Charlottesville, wanda aka kafa a 1924, masu aƙidar fifita farar fata ne suka yi gangami domin kare shi a Agustan 2017, har ɗayansu ya afka wa jama'a da mota ya kashe wata mata mai suna Heather Heyer. Idan laifin shi ne ainihin abin da ake girmamawa, ko kuma dukiyar da ake yaba wa mutum a kanta tana da jinin laifin a jikinta kuma an ɓoye hakan da gangan, kamar yadda aka yi wa Colston, to ban ga hujjar barinsa a dandali ba.

Akwai shari'o'in da suka fi waɗannan wuyar yankewa. A Yunin 2016 shugaban Indiya Pranab Mukherjee ya ƙaddamar da mutum-mutumin Mahatma Gandhi a Jami'ar Ghana da ke Legon. Wasu malaman jami'ar suka rubuta takardar koke, suka kawo kalaman raini da Gandhi ya rubuta a kan baƙar fata lokacin da yake matashin lauya a Afirka ta Kudu, aka kuwa cire shi a Disambar 2018. Kalaman gaskiya ne, ya rubuta su. Gaskiya ne kuma cewa Kwame Nkrumah da Martin Luther King sun ɗauki darasi daga salon gwagwarmayarsa ta lumana. Da ni aka tambaya, da ban ce Gandhi ya cancanci hukuncin Leopold ba. Amma na fahimci malaman ta wata fuska, domin kyauta ce ta diflomasiyya da aka dasa musu ba tare da shawara ba, a harabar da suke ganin jaruman Afirka ne suka fi cancanta da ita. Wanda zai zauna da abu kullum yana da haƙƙin a ji ta bakinsa kafin a kafa, kuma rashin yin haka ne ya haifi rikicin tun daga tushe.

Saukewa kuma ba ta nufin farfasawa. Na fi son a ajiye, saboda abin da aka narkar ba ya sake ba da shaida. Hungary ta tattara gumakan zamanin kwaminisanci ta kai su wani fili a gefen Budapest da aka buɗe a 1993. Indiya ta ɗauke Sarki George na Biyar na Ingila daga tsakiyar Delhi ta kai shi filin da aka yi bikin naɗinsa a 1911. Sudan, shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai a 1956, ta sauke Janar Gordon da Kitchener, hafsoshin Birtaniya da suka yi yaƙi a ƙasar, daga titunan Khartum cikin tsari, aka mayar da su Ingila, inda Gordon yake kan raƙuminsa har yau a harabar wata makaranta mai sunansa. Babu wanda zai ce 'yan Sudan sun manta da yaƙin Omdurman na 1898 saboda haka.

Mai tambaya zai iya cewa wannan duk maganar wasu ƙasashe ce, tun da mu a ƙasar Hausa ba mu da al'adar sassaƙa mutum mu kafa a dandali, addini ma bai ba da wannan ƙofa ba. Haka ne, amma muna girmamawa da suna: titi, da makaranta, da asibiti, da filin wasa, da filin jirgin sama, da hoto a takardar kuɗi. Tambayar ɗaya ce. A Oktoban 2024 hukumomin mulkin soja a Nijar sun sauya sunan titin Charles de Gaulle da ke Yamai zuwa na Djibo Bakary, jagoran jam'iyyar Sawaba wanda ya yi kiran a ce a'a ga ci gaba da zama ƙarƙashin Faransa a ƙuri'ar raba gardama ta 1958, suka kuma maye gurbin hoton Monteil, wani hafsan Faransa, da na Thomas Sankara. Ƙasar da ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ya bi ta cikinta a 1899 yana ƙona garuruwa, har da Birnin Ƙonni, tana da cikakken dalilin sake duba sunayen da ke kan titunanta. Abin da nake jan hankali a kai shi ne hanya, domin abin da umarnin mai mulki ya kafa, umarnin wanda ya gaje shi yana iya tumɓukewa. A Najeriya an ga haka a 2012, lokacin da Shugaba Jonathan ya sanar da sauya sunan Jami'ar Legas zuwa na Moshood Abiola ba tare da tuntuɓar kowa ba, ɗalibai suka fito titi, maganar ta je kotu, daga ƙarshe aka janye, duk da cewa Abiola yana da ɗimbin masoya a garin.

A Kaduna, ginin da majalisar dokokin jihar take zama har yau sunan Gwamna Lugga yake ɗauke da shi. A ƙarƙashin ikonsa aka ci Kano da Sakkwato a 1903, aka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi aka kashe shi tare da ɗaruruwan mabiyansa, kuma a 1906 aka shafe garin Satiru daga doron ƙasa bayan kashe mutane kimanin dubu biyu. Ginin kansa bai kamata a taɓa shi ba, domin a cikinsa majalisar dokokin Jihar Arewa da majalisar sarakuna suka yi zamansu, tarihinmu ne a cikin bangonsa. Sunan kuwa abu ne da ya kamata majalisar ta buɗe zaman jin ra'ayin jama'a a kansa, kuma ko an bar shi ko an sauya, ya dace a sami allo a ƙofar da yake ambaton Burmi da Satiru, tun da ɗalibai da yawa suna gama sakandare ba su taɓa jin sunan Satiru ba.

Sai dai laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mudun da muka auna Colston da Lugga da shi ba zai tsaya a kan Turawa ba. Lokacin da Turawa suka iso, akwai bayi masu ɗimbin yawa a daular Sakkwato, a rumada da gidajen sarauta da kasuwanni, kuma sai a 1936 doka ta soke matsayin bauta gaba ɗaya a Arewacin Najeriya. Nijar sai a 2003 ta mayar da bautarwa laifin da ake hukuntawa, a 2008 kuma kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta sami gwamnatin ƙasar da laifin gaza kare Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana yarinya. Akwai sunayen mayaƙa da sarakuna da ake yi wa kirari a wani gari, alhali a ƙauyukan da ke kudu da shi ana tuna su da harin kamun bayi, kuma jikokin ɓangarorin biyu suna zaune a aji ɗaya yau. Ba ina kira a bi tituna ana goge sunaye ba ne, domin da yawa daga cikin waɗannan mutane ana girmama su ne saboda ilimi ko kafa gari ko kare shi, kuma wannan dalili yana nan daram. Abin da nake nema shi ne idan zuriyar waɗanda aka kama suka ɗaga murya a kan wani suna, a saurare su a zauren majalisa, a kira masana su kawo abin da takardu da tarihin baka suka tabbatar, a yanke shawara a fili da ƙuri'a, a kuma rubuta dalilin a ajiye inda kowa zai iya karantawa. Haka kuma, kafin a sa wa sabon titi ko sabon gini sunan wani, musamman mai riƙe da mulki ko wanda bai daɗe da barinsa ba, ya kamata dokar jiha ta gindaya wa'adin shekarun da za a jira, ta kuma wajabta tuntuɓar mazauna unguwar.